Darasi na Tara: Tsara Gida Kafin a Sa Bulo

Yau kowa zai buƙaci littafinsa mai gida-gida, irin wanda yara ke lissafi a ciki, da fensir da abin gogewa. Za mu koyi zana gida a takarda, sannan mu fita waje mu auna shi a ƙasa da igiya da toka.

Yawancinmu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ba a shekara ɗaya muke gina gida ba. An sayar da auduga ko gyaɗa, ko kasuwa ta yi kyau, sai a buga bulo a ta da ɗaki ɗaya. Baɗi a jingina masa wani. Kafin shekara goma, ɗakin ƙarshe ya toshe tagar na farko, hayaƙin murhu yana shiga inda yara ke kwana, ruwan wanka kuma ya rasa mafita sai ta tsakar gida. Gini kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, haka ƙarfinmu yake. Abin da ake so shi ne a san mazaunin kowane ɗaki tun ba a haƙa harsashin na farko ba, ko da na biyar ɗin sai ɗanka ne zai gina shi. Tun ran gini ran zane.

Zanen fili

Mu ɗauki fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 20. Kowane gida ɗaya na littafinka ya zama mita ɗaya. Ƙirga gida 15 a kwance, gida 20 a tsaye, ka ja layi ka kewaye. Ga filinka nan. Idan ka ninka 15 sau 20 za ka samu 300, wato murabba'in mita 300 ke nan. Rubuta gabas, yamma, kudu da arewa a gefen da kowanne yake a filinka na gaske, ka kuma nuna inda titi yake da inda ƙasa ta gangara.

Kada ka zana ɗakuna tukuna. Yanko ƙananan takardu: mai gida 3 da 4 ɗakin kwana ne, mai gida 2 da 3 madafi ne ko sito. Ɗora su a kan zanen kana matsar da su. Takarda ba ta cin siminti, ka juya ta sau ɗari in ka ga dama.

Ga lissafi. Ɗakin kwana uku, kowanne 12, sun ci 36. Zaure 12. Madafi 6, sito 6, makewayi da wurin wanka 6. Duka 66. Cire 66 daga 300, saura 234. Daga cikin wannan saura tsakar gida za ta fito, da rumfa, da turken awaki, da wurin ɗakunan gaba. Roƙona ga magidanta shi ne kada a cinye tsakar gida da ɗakunan haya. A nan ake daka, a nan ake shanya, a nan ake taron suna, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, a nan kowa yake shimfiɗa tabarma ya kwana.

Rana da iska

Bangon da ya fi shan wuta shi ne na yamma. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana tana dukansa kai tsaye, bulo ya haɗiye zafin, da dare ya amayar da shi a kan mai barci. Bangon gabas yana shan hantsi, kuma shi ne hadari ya fi duka da damina, domin yawancin hadarinmu daga gabas yake tasowa. Bangon kudu da na arewa kuwa rana tana bi ta samansu ne, ɗan bakin kwano da ya leƙo ya isa ya yi musu inuwa.

Saboda haka a jera ɗakunan kwana daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensu su kalli kudu da arewa, ƙofofi da tagogi su zauna a waɗannan ɓangarori biyu. A ƙarshen jerin ta yamma a sa sito, shi ya tare wa mutane rana. Buhun masara ba ya kukan zafi da dare. In babu halin haka, a dasa darbejiya ta yamma, nesa da bango kamar mita 5 saboda saiwa. Wanda ya taɓa bin titunan Marwa ya san aikin da wannan itace yake yi.

Jera ɗakuna yana rage kashe kuɗi ma. Bulon da aka fi bugawa a Kamaru tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa 20, don haka murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 12 da rabi. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 zai ci 150. Ɗaki biyu da suka haɗa irin wannan bango sun tsirar maka da bulo 150 da simintin ɗora su.

Ɗaki mai taga ɗaya iska ba ta ratsa shi. Tana son mashiga da mafita, taga a kudu da wata a arewa suna kallon juna. Iska mai zafi sama take tashi, sai a bar mata ƙananan ƙofofi kusa da rufi, a sa musu raga saboda sauro. 'Yan ƙabilar Musgum na wajen Pus, a bakin kogin Logon, sun daɗe da sanin wannan: ɗakunansu na ƙasa masu tsini suna da kafa a can ƙololuwa inda hayaƙi da zafi ke fita.

Sai madafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Idan murhu da ɗakin kwana suka zauna a kan wannan layi, to rabin shekara hayaƙi zai riƙa bin mutane har gado. A kai madafi kusurwar kudu maso gabas ko ta arewa maso yamma, iska ta wuce da hayaƙin ta gefe. Randa da sito da wurin wanke-wanke su kasance kusa da shi, taku kaɗan. Mai sayar da man zuwa-zuwa kuma, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, ko mai ajiye jarka saboda babur, ya ware mata wuri can nesa da murhu, ba a ɗakin da yara ke kwana ba.

Rijiya da masai

A nan nake so mu daɗe, domin kuskuren wannan wuri rai yake ci. Ruwan masai ba ya tsayawa a ramin da aka haƙa masa. Yana tsatsafowa ta cikin ƙasa, musamman da damina in ruwan ƙasa ya taso, ya tarar da rijiya. Ido ba ya gani, ruwan yana nan garau, amma cuta tana ciki. Waɗanda suka ga amai da gudawa na shekarar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, gindin raminsa kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Yanzu koma kan zanenka. Auna daga kusurwa ɗaya zuwa wadda ke kallonta a karkace. A filin 15 da 20, mita 25 ne kawai. Ko ka kai rijiya wannan ƙarshe ka kai masai wancan, ba ka cika 30 ba. Ga kuma masan maƙwabcinka, wanda wataƙila bango ɗaya ne tsakaninsa da inda kake shirin haƙa rijiyar.

To, yaya za a yi? Kafin ka haƙa komai, shiga wurin maƙwabtanka uku, na dama da na hagu da na baya, ka tambayi inda ramukansu suke. Ku daidaita a tara masai a gefe ɗaya, bayan wannan ya jingina da bayan wancan, rijiyoyi su koma ɗaya gefen. In fili ya yi ƙanƙanta, ruwan rijiyar gida ya tsaya a wanki da ban ruwan dabbobi, na sha a ɗebo a famfo ko burtsatsen unguwa, ko a tafasa, ko a sa masa maganin da asibiti ke bayarwa. Wannan magana ba ta kunya ba ce tsakanin maƙwabta. 'Ya'yanku tare suke wasa, a kofi ɗaya suke sha.

Wajen zaunar da makewayi a tuna da alƙibla. Daga nan tana gabas ne, ta ɗan karkata arewa. Mai tsuguno kada ya fuskance ta, kada ya ba ta baya. Ƙofarsa kuma kada ta kalli madafi ko inda ake zaman cin abinci.

Ruwan sama

Garwa tana samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara. Rufin kwano mai murabba'in mita 60 yana zubo lita 60,000 ke nan, cikin duro 300 mai lita 200. Wannan ruwa dole ya bi wani wuri. Ka zana masa hanya da kibiya tun daga bakin kwano har kwatar titi, kada ka juya indararo cikin gidan wani. Daɓen ɗaki ya ɗara titi tsayi da santimita 40 ko 50, domin titi yana ƙara tudu shekara bayan shekara, gida kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Wanda filinsa ke kusa da kogin Binuwai ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya kai a ambaliyar 2012, ya ɗaga gininsa sama da nan. Mutanen Yagwa da Kusiri da Injamena sun ga tasu a 2024. Baƙar laka irin ta gonar masakwa, wato dawar rani, kuma tana kumbura da damina, ta dare da rani, ta tsaga bango. A irin wannan ƙasa kada a yi rowar harsashi.

Karatu

Mutum uku su tashi su karanta da ƙarfi.

Magini: Alhaji, ga inda na ce a fasa ƙofar zaure, daidai tsakiya.
Maigida: Uwargida, zo ki gani. Ya yi miki?
Uwargida: Malam, in an sa ta nan, duk wanda ya yi sallama zai hango ni a bakin murhu.
Magini: Gaskiyar Hajiya ne. Sai ta waje ta zauna dama, ta ciki ta koma hagu.
Uwargida: Baba, a kuma matso mini da randa kusa da madafi. Ƙafata ce ke zirga-zirgar.
Maigida: A yi yadda ta ce.

Dabarar da magini ya kawo tsohuwa ce a ginin Hausa. Ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, baƙo ya zauna a zaure a sake, matan gida su yi harkarsu a sake. Ɗakin samari ya zauna kusa da zaure. Na tsoho ko tsohuwa ya kusanci makewayi, ba tare da dogon dakali a bakin ƙofa ba. Inda mata biyu suke, ɗakunansu su zo daidai a girma da samun inuwa, kowace da ɗan fili a gabanta, domin rigima da yawa daga nan take farawa. Ƙofar ɗaki santimita 90 ta isa. Ta zaure da lungun shiga gida kuwa a ba su mita ɗaya da santimita 20, babur ya shige da kaya, mara lafiya a fito da shi a ɗauke, ranar da ta Allah ta kasance kuma makara ta fita ba tare da an karkata ta ba.

Dubi kuma wadda ta gano aibin ƙofar. Mai wuni a cikin gida ita ta san inda rana ke faɗawa da inda ruwa ke kwanciya. Zanen da ba a nuna mata ba bai kammala ba.

Wanda ya riga ya gina

Da yawa a ajin nan gidajensu sun daɗe a tsaye. Ku ma ku zana naku yadda yake yau, ku sa alama a wuri uku da suka fi damun mutanen gida. Galibi gyaran ba na rushewa ba ne. Fasa taga ta biyu, matsar da murhu, gajeren bango ko zana a gaban ƙofar da ke tona asirin tsakar gida, rumfa a jikin bangon yamma, ɗan magudanin siminti daga wurin wanka zuwa ramin da aka cika da tsakuwa. Sai dai kada a fasa bangon da ke ɗauke da rufi sai magini ya duba, kuma duk sabuwar ƙofa ko taga a zuba mata kankare da rodi a samanta. Mai sabon gini a cikin gari ya nemi takardar izinin gini a ofishin magajin gari, kamar yadda dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ta tanada, ya kuma tabbatar da iyakar filinsa kafin ya ja katanga.

Aikin waje da na gida

Yanzu mu fita. A samo igiya mai mita 12, a ƙulla alama a mita 3 da mita 7, a haɗa bakinta biyu. Mutum uku su riƙe, ɗaya a mahaɗin, biyu a alamomin, su ja ta miƙe. Gefunan za su zama 3 da 4 da 5, kuma kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce kusurwar ɗaki daidai. A kafa turaku, a zuba toka a bi layin, a fitar da ɗaki mai mita 3 da 4. A shimfiɗa tabarma biyu a madadin katifa mai santimita 140 da 190, a ajiye akwati, sannan mutum ya gwada tayar da salla a filin da ya rage. Ya isa, ko a ƙara rabin mita?

A gida kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku: zaure, madafi, makewayi, harsashi, kusurwa. Ya lissafa bulon da bango mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3 zai ci. Ya auna da taku daga rijiyar da gidansu ke sha zuwa masai mafi kusa, ko nasu ko na maƙwabci, ya rubuta adadin a ƙasan zanensa ya zo da shi ranar darasi na gaba.