Idan Jiki Ya Koma Baya Bayan An Sallamo Mutum Daga Tiyata

Wanda aka yi wa babban aiki, ko na hanji ne, ko na ƙaba, ko na cire jariri, yakan baro asibiti da zaton cewa daga ranar sauƙi zai riƙa ƙaruwa kullum. Jiki ba ya bin wannan lissafi. Yau mutum ya taka har bakin zaure, gobe ya kasa tashi daga katifa, sai hankalinsa da na iyalinsa ya tashi. Abin da ya kamata gida ya iya shi ne rarrabe koma-baya iri biyu: wanda haƙuri da hutu ke maganinsa, da wanda ke bukatar a koma asibiti a ranar, ko da dare ne.

A fara da na biyun, domin shi ne ke kisa idan aka yi masa jinkiri. Ya kamata a sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi tun kafin a baro asibiti, saboda a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, tafin hannu ba ya iya bambanta zazzaɓi da zafin ɗaki. Idan ma'aunin ya nuna 38 ko fiye, a nemi ma'aikacin lafiya. A nan ne ake yawan kuskure, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, inda kowane zafin jiki ake ɗora wa sauro, a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a sha kwana uku, alhali ɗinkin ne ya ruɓe daga ciki. Mai yiwuwa ne sauron ne, amma gwajin jini da duba ciwon ne za su faɗa, kuma dole a yi su tare. Haka nan idan gefen ɗinkin ya yi ja yana yaɗuwa, ya kumbura, ya ɗauki zafi, ko yana fitar da mugunya ko wari. Ko ciwon ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa. Ko ciki ya kumbura ana amai, ba bayan gida ba tusa. Ko fitsari ya ƙi fita. Ko jini ya jiƙa bandeji ya ƙi tsayawa. Ƙafa guda da ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa na iya zama gudan jini a jijiya, kuma kada a yi mata tausa, domin gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji farat ɗaya ba ya jiran wayewar gari. Idan kuwa ɗinkin ya buɗe, a kwantar da majinyaci, a rufe wurin da tsabtataccen bandeji, kada a tura komai ciki, kada a ba shi abinci ko ruwa, a nemi mota.

Na ce mota da gangan. Kabu-kabu, wato babur ɗin haya, a kan hanya mai ramuka ba abin hawan mai sabon ɗinki ba ne, don haka a riƙe lambar wani mai mota tun da wuri, a ware kuɗin mai a gefe, a haɗa takardar sallama da takardun magani a jaka guda da kowa a gidan ya san inda take. Wanda aka yi wa aiki a babban asibitin ƙasa na Zinder amma gidansu yana Tanut, Gure ko Magarya, ya fi masa alheri ya sauka wajen dangi a cikin gari har a cire zare, abin da kan kasance tsakanin kwana 7 zuwa 14, gwargwadon aikin da wurin ɗinkin.

Sauran koma-bayan, waɗanda su ne suka fi yawa, galibi suna da sanadi a bayyane idan aka waiwayi jiya. Mutum ya ji ƙarfi, ya share tsakar gida ko ya zauna da baƙi tun hantsi har la'asar, washegari jiki ya karɓi bashinsa. Maganin wannan shi ne a koma ga gwargwadon abin da aka iya yi ba tare da wahala ba kwana biyu da suka wuce, a tsaya a nan kwana biyu ko uku, sannan a ƙara kaɗan. Kwanciya gaba ɗaya kuskure ne, domin rashin motsi shi ke kawo gudan jini, da ciwon huhu, da taurin bayan gida. Gajeren tattaki a tsakar gida sau da yawa a yini, da sassafe da bayan la'asar, ya fi doguwar tafiya guda amfani. Kuma a riƙa auna sauƙi da mako: a kwatanta wannan Juma'ar da wadda ta gabata, tunda kwatanta yau da jiya ba ya haifar da komai sai fargaba. Ƙaramin littafi da mai jinya zai riƙa rubuta zafin jiki, da lokacin shan magani, da nisan da aka taka, yana taimakon likita ranar komawa fiye da dogon bayanin baki.

Ɗaukar kaya shi ne babban tarko a garin da ruwa ke wuya. Bayan aikin ciki, likitoci sukan hana ɗaukar abin da ya wuce kimanin kilo 5 har mako shida, alhali bido mai lita 25 nauyinsa kilo 25 ne. Fata takan haɗe cikin mako biyu, amma naman da ke ƙarƙashinta yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari, shi ya sa mace za ta ga tabo ya bushe, ta ɗaga bokiti ko ta kama taɓarya, bayan wata uku ƙaba ta ɓullo a kan ɗinkin. Kuɗin ɗan garuwa ya fi aiki na biyu araha nesa ba kusa ba, kuma wannan magana ta maigida ce da uwar miji, tunda matar kanta kunya za ta hana ta faɗa. Tari a lokacin ƙurar hunturu da yunƙuri a bayan gida su ma suna jan ɗinki. A danna matashin kai a kan ciki idan za a yi tari ko atishawa, a yawaita ruwa, da zogale, da miyar kuka ko kuɓewa, a kuma samar da kujera mai rami ga wanda tsuguno ke wahalarwa.

Ciwo yana bukatar abin gina jiki kafin ya cike: wake, ƙwai, kifi, nama, nono, gyaɗa. Cewar da ake yi ƙwai ko madara na sa ciwo ruwa ba ta da tushe, kuma majinyacin da aka bari a kan kunu zalla zai daɗe bai miƙe ba. Mai ciwon suga ya riƙa gwaji akai-akai, domin hauhawar suga na hana ɗinki kamawa. Game da magani, a shanye na kashe ƙwayoyin cuta har ƙarshe ko da an ji sauƙi. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, kuma tiramadol na ƴan tebur ba abin kusanta ba ne: yana ɗaure ciki, yana kuma kama mutum. Kada a barbaɗa garin magani, ko toka, ko man shanu a kan ɗinki, komai girman wanda ya kawo shi. Matar da aka yi wa aikin haihuwa ta jinkirta wankan jego da tafasasshen ruwa har likita ya yarda, kunun kanwa kuma ta yi nesa da shi, saboda gishirin da ke cikinsa yana nauyaya wa zuciya, yana kuma ƙara hawan jini.

Ƴan dubiya alheri suke nufi, amma ɗaki cike da mutane tun safe yana hana barci, kuma kowane baƙo yana zuwa da labarin wani da aka yi wa irin aikin bai tashi ba. A sa wani babba a gidan ya tsaya a zaure, ya karɓi gaisuwa, ya ce: “Mun gode, Allah ya bar zumunci, ya samu barci ne, sai bayan la'asar.” Babu wanda zai ji haushin wannan daga bakin dattijo.

Akwai kuma karayar zuciya, wadda ba a cika faɗa ba. Magidancin da ya saba fita kasuwar Dole ta Zinder ya ga kansa ana ɗaga shi ana kwantarwa, kuɗi na fita babu mai shiga, yakan koma shiru ko yawan faɗa, kuma hakan yakan tsananta daidai ranakun da jiki ya koma baya. Yana taimakawa a bar masa wani abin da zai riƙe, kamar lissafin cefane ko sauraron karatun yara. Wanda rashin tsayuwa a salla ke damu, malamai sun yi bayani cewa marar lafiya yana salla a zaune ko a kwance, yana taimama idan ruwa zai cutar da ciwon, yana kuma ajiye azumi ya rama daga baya. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu, ba ci, ba barci, ko majinyaci ya fara cewa gara ya mutu ya huta, mai jinya ya faɗa wa likita a fili ba tare da jiran ranar komawa ba, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki da magunguna a kusa da shi.