Yadda iyali za su riƙe sana'ar ginin ƙasa da shuka bishiyoyi su ci abinci da ita rani da damina

Jama'a duk wanda ya kwana a ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu babu wuta ya san abin da nake nufi, bango ya sha rana tun safe, da dare ya dinga huro maka zafin har asuba, yara na kuka, kowa ya kwaso tabarma ya fito tsakar gida, ita ma tsakar gidan an malale ta da siminti ko intalok ko tsiro ɗaya babu. To wannan wahalar kasuwa ce ga gidan da suka gaji gini ko suke da sha'awarsa. Ni shawarata kar ku tsaya a kan gini kaɗai, ku haɗa shi da shuka, domin ginin ƙasa aikin rani ne, dashe kuma aikin damina ne, in kun riƙe biyun babu watan da za a zauna ana jiran aiki. Magina da yawa sun saki sana'ar ne saboda da ruwa ya sauka shikenan sai zaman kashe wando ko a koma gona.

Kuma sana'ar da ma ta gida ce tun asali. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar magina, har unguwa akwai da sunansa a cikin birni. A Nijar kuma wani magini Falke Barmu ya fara masallacin Yama na jihar Tawa a 1962 da ƙasa zalla, a 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake bayarwa a duniya kan fasahar gini. A garin Dandaji, can Nijar ɗin, a 2018 masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa na matsi. Ina kawo waɗannan ne don ranar da kwastoma zai ce maka ginin ƙasa na talaka ne, ka buɗe waya ka nuna masa hoto.

Abu na farko in an kira ku fili, kar a fara da awon ɗakuna. A fara da ruwa. Ku tambayi maƙwabta ina ruwa yake bi in an yi mamako, ina yake kwanciya, in da hali ma ku je ku gani da ido ranar da ake ruwan. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, na yamma kuma shi ke shan ranar la'asar mai dafa ɗaki. Saboda haka dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, tagogi ma can, gabas da yamma a rage musu faɗi a tanadar musu bishiya. Duk bishiyar da kuka tarar a filin, gawo ne ko tsamiya ko aduwa ko kurna, dan Allah a zana gidan a kewaye ta, kar a sare. Bishiyar da ta shekara talatin ba ta da farashi a kasuwa, kuma har kututturen da yake tofo in aka bar masa reshe biyu uku masu ƙarfi aka sassabe sauran zai tashi da sauri fiye da dashe tunda saiwarsa ta riga ta yi nisa, wannan dabarar ce manoman Maraɗi da Damagaram suka bi tun shekarun 1980 suka dawo da itatuwa gonakinsu.

Sai ƙasa. A nan ake cin riba a nan kuma ake faɗuwa. Ƙasar sama mai duhu mai saiwoyi ba ta gini ba ce, ku kankare ta ku tara a gefe ku rufe da kara, ita ce za ta koma lambu daga baya, kun ga ba sai an sayo tifa ba. Ta ƙarƙashi, jar nan mai birji, ita ake nema. Gwajin ba wuya: a samu kwalba mai faɗin baki a zuba ƙasar zuwa rabi, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan take, mai laushi ta biyo baya, yumɓu sai ya kwana kafin ya zauna a sama, da safe za ka ga layi-layi ka san me ke cikin ƙasarka. In yumɓu ya yi yawa bango zai tsattsage in ya bushe, sai a ƙara yashi, in kuma yashi ya rinjaya ba zai kama ba. Baƙar lakar fadama mai tsattsagewa da rani a bar ta kawai. Tsofaffin magina su da hannu suke ganewa, su dunƙula su murza su saki, to a bar yara su yi gwajin kwalba a gaban tsoho shi kuma ya yi nasa, a ga inda suka haɗu.

Yanzu zaɓi biyu ne. Akwai tubali irin na iyaye, a kwaɓa ƙasa da ciyawar ramno ko kashin doki, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa ana sake jiƙawa, a mulmula, a shanya har ya bushe ƙarau, a jera shi gindin a ƙasa tsinin a sama, bango ya yi kauri a gindi yana sirancewa yana hawa. Akwai kuma bulon matsi, wanda ake haɗa ƙasa da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a danne a inji. Akwai injin hannu wanda ba ya buƙatar fetur, hukumar binciken gine-gine ta NBRRI ma ta ƙera irinsa. Ni a ganina iyalin da ke farawa su iya duka biyun amma su sa ƙarfi a bulon matsi don shi mutanen birni suka fi yarda da shi, gefensa a miƙe, ko filasta ba ya buƙata. Sirrinsa ɗaya ne kuma nan ake yawan ha'inci: bayan an buga shi ba a shanya shi a rana. A jera a inuwa a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa sati ɗaya zuwa biyu, kuma kar a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Mai gida zai matsa, zai ce ana sauri, ku ba shi haƙuri, bulon da aka yi wa gaggawa da farce ma sai ka kankare shi kuma sunan gidanku ne zai ɓaci.

Maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, ta ƙasa da ta sama. Fandisho a yi shi da dutse ko bulon siminti a ɗaga shi sama da ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi kafin a fara ɗora ƙasa, yawancin gidajen da kuke jin sun rufta da damina gindinsu ne ya jiƙa ya zaizaye. A sama kuma in kwano za a sa to ya zarce bango sosai, a yi silin, a bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano. In soro ne na azara, ku sani azara ba ta son tazara mai yawa, wajen ƙafa shida take ɗauka ita kaɗai, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da azara masu ɗaukar rufi, don ɗaki ya yi faɗi. Azara daga giginya ake fasa ta, gara ba ta cika damunta ba, amma giginya ta yi ƙaranci kuma tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, don haka duk gidan da ke cin abinci da azara ya kamata a ce suna binne ƙwallon giginya a gonarsu duk shekara, ko ba su mora ba jikoki za su mora. Indororo ya zama dogo ya watsa ruwa nesa da bango, inda ruwan ke faɗuwa a shimfiɗa duwatsu.

Wata magana da nake so ta shiga kunne: kar a shafa filastar siminti kai tsaye a bangon tubali. Ba sa kama juna, siminti zai ɓamɓare, kafin nan kuma ya riƙe danshi a ciki bango yana ruɓewa ba a gani. A yi yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa kenan da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da shi, ko laso wanda ake haɗawa da katsin marina (abin da ke kwanciya a gindin ramin rini) da gashin dabba da dafara (wani tsiro mai yauƙi). In akwai dattijo a garinku da ya iya haɗin laso, ku ɗauki yaro ɗaya mai natsuwa ku damƙa masa, ku biya dattijon haƙƙinsa da mutunci, a ɗauki bidiyo ma in ya yarda, don masu wannan ilimin suna ƙarewa. Haka zanen bango da daɓe, su kansu aikin kuɗi ne yanzu a otal-otal da gidajen abinci.

Mu zo tsakar gida. Lissafi mai sauƙi: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Kenan rufin da ya kai murabba'in mita 100 a garin da ake samun milimita 700 a shekara yana zubar da lita 70,000, duk tana tafiya kwata tana cika layi. Ku sa tanki a ƙarƙashin indororo, rarar kuma a ja ta zuwa ramukan bishiya, a yi musu kunya mai siffar rabin wata ta tare ruwan. Ruwan alwala da na wanka a bi da shi ta ramin tsakuwa da gawayi ya fita gindin ayaba ko gwanda ko zogale, ban da na masai, shi sokawe ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30. Ramin da aka haƙi ƙasar gini kuma kar a bar shi ya zama kududdufi, sauro ne da haɗarin yara, a cike shi da shara mai ruɓewa da ƙasar saman nan da aka ajiye a dasa wani abu a kai.

Wajen zaɓen bishiya kar a biye wa abin da aka gani a hoton gidajen Turai, ciyawar kwalliya mai shan ruwa safe da yamma ba tamu ba ce. Darbejiya tana da inuwa da juriya amma saiwarta na fasa bango, a ba ta tazarar mita biyar ko fiye, haka mangwaro. Kusa da ɗaki a sa zogale, gwaiba, lemun tsami, rumman. Shinge a yi da lalle, mata za su tsinka su sayar. Inda ruwa ke zaizayar ƙasa a dasa jema a jere. Itacen turare kuwa ina nesanta shi da rijiya da lambu don shan ruwansa ya yi yawa.

Renon iri shi ne ɓangaren da mata da 'yan mata za su riƙe daga cikin gida ba sai sun fita ba. A tara ledar fiya wata, a huda gindin, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a shuka tun Fabrairu ko Maris a ƙarƙashin rumfa, zuwa Yuli in damina ta zauna sun isa dashe. Irin kuka da gawo da bagaruwa ɓawonsu da tauri, sai an jiƙa a ruwan zafi ya kwana ko an ɗan kankare gefe. Irin darbejiya kuma ba ya ajiyuwa, ana tsinta ana shukawa. Ramin dashe a haƙa tun kafin ruwa, zurfin rabin mita, kuma a sa kuɗin keji a cikin lissafi tun farko, don akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata biyar kafin azahar. Domin rani, a binne tulun ƙasa a gefen dashen har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakin da murfi, zai dinga tsattsafowa a hankali daidai saiwa, bayan 'yan kwanaki a leƙa a ƙara.

To sai maganar kuɗi tsakanin 'yan uwa, wadda ita ce ke rusa irin wannan sana'a ba ruwan sama ba. Ku zauna tun kafin kwangilar farko, Baba da Yaya da ƙanne da iyaye mata, a rubuta waye ya kawo kuɗin inji, waye mai fili, kason kowa nawa, a sa shaidu, addini ma ya ce a rubuta. Kowa a yanka masa ladan aikinsa ko ɗan cikinka ne, yaron da ake sa wa aikin lebura kullum ana ce masa ai na gida ne, wata rana zai tattara ya tafi acaɓa kuma ba za ka ga laifinsa ba. 'Yan makaranta su yi aiki ranar hutu kawai, a cikinsu ne za a samu mai zane a kwamfuta da mai riƙe lissafi. A yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a buɗe asusun banki daban da aljihun Baba. Farashi a rubuta wa kwastoma a takarda, biya kashi-kashi, a kuma sa ranar da farashin zai daina aiki tunda siminti ba ya zama wuri ɗaya. A birni a nemi izinin gini a hukumar tsara birane, Kano KNUPDA, Kaduna KASUPDA, in kuma bene ne lallai a sa injiniya mai rajista, kar a ce ai mun gada.

Talla mafi ƙarfi ku fara da gidanku. Ku gina zaure ɗaya ko shago da bulon naku, ku dasa bishiya a gabansa, duk mai shakka ku gayyato shi da ƙarfe biyun rana a watan zafi ya zauna ciki ku ba shi ruwa. Hotuna da bidiyo a sa a Facebook da TikTok da sitatus na WhatsApp, tun daga haƙar ƙasa har gamawa. Kuma kowace kwangila ku saka mata yarjejeniyar kulawa ta shekara-shekara da kuɗinta daban: wajen watan Mayu kafin ruwan farko ku zo ku share indororo, ku toshe tsagar soro, ku taɓa yaɓen bangon gabas, ku rage rassan da suka hau rufi, a Yuli kuma ku dawo ku maye gurbin dashen da ya mutu.