Yadda za ka kashe ƙwaram-ƙwaram ɗin birkin gaba a tsohuwar mota

Fijo 504 ɗin da na gada a wajen Baba Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa fitarwa tun da ya fara aiki a 1975, kuma har yau da ita nake zuwa Dass duk ranar da zan duba 'yan uwa. Bara ta fara min wata ƙara a gaba, da zaran na faɗa gargada sai ka ji ƙwaram-ƙwaram kamar an zuba cokula a kwanon sha, in kuma titi ya yi sumul sai ta yi tsit. Na canza shokazoba biyu a banza kafin na gane kalifa ce, wato wannan ƙarfen da ke rungume da faifan birki yana matse takalman birki a jikinsa in ka taka. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin yake, kar wani ma ya yi asarar kuɗi irin tawa.

Kafin ka taɓa sufana, yi gwajin ƙafa. Nemi hanya mai gargada wadda ba cunkoso, ka tafi a hankali har ƙarar ta fara, sai ka ɗan ɗora ƙafa a kan birki kaɗan ba sai motar ta tsaya ba. In ƙarar ta ɗauke nan take, toh matsalar na kalifa ko takalman birki, don matsin da ka yi ne ya kama abin da ke rawa. In kuwa ta ci gaba da yi ko a jikinta, ka bar birki ya huta, ka duba boljoyin da tayarod da robobin ƙafa da shokazoba. Wannan gwajin kyauta ne wallahi, da na san shi da wuri da kuɗina na aljihuna.

In ka tabbatar, ka ajiye motar a waje mai daidai, ka ja hambirki, ka sa dutse a bayan tayar baya, ka sassauta notinan taya tun tana ƙasa sannan ka ɗaga. Dan Allah kar ka yarda da jak shi kaɗai, ka tokare da ƙarfen tokara ko katako mai kauri, bulon siminti kuwa fashewa yake ba sallama. Kafin ka cire tayar ka kama ta sama da ƙasa ka jijjiga, in ta yi motsi to boris ne ko boljoyin, ka san da wannan a ranka. Ka cire taya, ka murɗa sitiyari yadda kalifar za ta fuskance ka.

Yanzu ka kama kalifar da hannu biyu ka girgiza. A nan ne sai ka san irin wadda kake da ita, don iri biyu ce. Akwai kafaffiya, mai fistin (abin da man birki ke turawa ya matse takalmi) ta kowane ɓangare, kamar ta Marsandi W123, wannan bai kamata ta motsa ko ɗis ba, in ta motsa kusoshin da suka ɗaure ta ne suka saki kuma wannan ba ƙara ba ce kawai, haɗari ne, kar motar ta sake hawa titi sai an ɗaure. Akwai kuma mai zamewa, ita dama an yi ta ne ta riƙa ɗan matsawa ciki da waje, amma sama da ƙasa ko gaba da baya kar ta yi kaf-kaf. Wata a kan 'yan sandunan ƙarfe biyu da ake kira fin take zamewa, wata kuma a kan wasu 'yan ƙarafa da ake sokawa a gefenta. Ka goge jikinta za ka ga sunan kamfanin da ya yi ta, Girling ko Bendix ko ATE, ka riƙe sunan don kayan wata ba sa shiga wata, ko a 504 ɗin ma tun fitowarta a Faransa a 1968 ba kalifa iri ɗaya aka yi ta sa mata ba.

Abin da ya fi yawan jawo ƙarar nan ɗan ƙaramin abu ne da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, sifirin ko kilif ɗin da ke danne takalmin birki. Takalmin dole ne a bar masa ɗan sarari don ya samu zamewa kuma ƙarfe na buɗewa in ya yi zafi, to aikin sifirin ɗin shi ne ya riƙe shi kar ya yi ta bugun gidansa. Ni da na buɗe tawa, ɓangaren direba babu shi kwata-kwata, ɗaya ɓangaren kuma ya yi tsatsa ya mutu, da ɗan yatsa na lanƙwasa shi bai dawo ba. A wajen da babu, wani bakanike da ya taɓa canza min takalma ya cusa guntun robar tif ya ɗaure da waya, robar ta ƙone ta zama gawayi. Raina ya ɓaci sosai ranar, don da iyalina nake hawa motar nan, kuma da ya ce min sifirin ya ɓata da na nemo.

Ka ɗau hoto da waya kafin ka zare komai, zai taimake ka wajen mayarwa. Ka ciro takalman ka duba kunnuwansu, inda suke zama a cikin gida, in sun cinye ko kuma dama ƙanana aka sa maka aka ce ai za su yi, sabon sifirin ma ba zai hana su rawa ba. In abin da ya rage a jikinsu bai kai milimita 3 ba ka canza, kuma ɓangare biyun tare ake canzawa ba ɗaya ba, in ba haka ba mota za ta riƙa fizgarka gefe guda. In ka ciro kalifar kar ka bar ta tana lilo a jikin tiyo, ka rataye ta da waya a jikin sifirin ɗin ƙafa. Ƙurar wajen kuma kar ka hura da baki, tsofaffin takalma wasu da asbestos aka yi su kuma yana illa ga huhu, ka jiƙa tsumma ka goge.

Sai fin ɗin zamewa. Ka zaro ka wanke ka duba a rana, in ka ga ya sirance a tsakiya ko ya yi gurbi da farce ke kamawa, ya gama aiki, haka ma robar da yake shiga ciki in ta yage ko ta yi laushi. Wasu na kai wa mai walda ya ƙara masa nama a goge, ni dai ban yarda da wannan ba, gara ka nemi sabo ko ka sayi kalifa guda 'yar Baljiyam mai lafiya. In za ka je wajen masu sifiya ka tafi da tsohon a leda a gwada a gabanka, kar ka tsaya da cewa na 504 kawai.

Wajen da takalmi ke zama ka kankare tsatsa da burushin waya har ƙarfe ya fito fes. Giris kuma na birki za ka nema mai jure zafi, na silikon a kan fin da roba, don giris ɗin boris na yau da kullum kumbura roba yake sai fin ya maƙale ka koma fama da birki mai kamawa. Shafa kaɗan a kunnen takalmi da bayansa, ko ɗigo kar ya taɓa fuskarsa ko faifai. Kusoshin ka ɗaure da sufana mai awo daidai yadda littafin motar ya ce, in da man nan mai hana kusa kwancewa ka ɗiga.

Tunda ka riga ka shiga wajen, ka leƙa farantin da ke bayan faifai mai tare ƙura, shi ma in ya lanƙwashe ko kusarsa ta saki yana kacau-kacau, da hannu ake gyara shi. In ka ga jiƙa a bakin fistin to man birki ne ke yoyo, wannan aikin babban bakanike ne.

Da ka mayar da taya ka sauke mota, kar ka kuskura ka ja ta sai ka tattaka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafarka, don takun farko har ƙasa yake tafiya in an tura fistin baya. Ka duba man birki a kofinsa, DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfi, sannan ka koma gargadar nan da ka yi gwajin farko ka sauke gilas ka kashe rediyo. Bayan kwana biyu ka sake bin notinan taya da sufana.