Yadda ake tantance lissafin jijjiga na FEM kafin a yarda da shi

Manhajar FEM (Finite Element Method, hanyar lissafin injiniyoyi a kwamfuta), ANSYS ce ko Abaqus, tana raba ƙarfe ko gini zuwa ƙananan gutsattsari, ta lissafa saurin kaɗawarsa ta asali. A ɗauki teburin ƙarfe da za a ɗora wa janareta. Inji mai juyi 1500 a minti yana bugun teburin sau 25 a daƙiƙa, wato 25 Hz. Idan kaɗawar teburin ta faɗo kusa da nan, jijjiga za ta yi ta ƙaruwa har walda ta tsage.

Fara da ma'auni. In kana aiki da milimita da niyuton, nauyin ƙarfe 7.85e-9 ne, tan a kowace milimita kubik. Wanda ya rubuta 7.85e-6 zai ga amsarsa ta ragu kusan sau 32, kuma manhajar ba za ta ce masa uffan ba.

Sai ka gwada abin da ka san amsarsa. Sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai tsawon mita 1 da kaurin milimita 10, an kafe kai ɗaya, E ɗinta, wato ma'aunin taurin ƙarfen, 210 GPa, kaɗawarta ta farko kusan 8.4 Hz ce. In ba ka samu haka ba, kada ka wuce nan.

Kwance duk wani ɗauri ka sake lissafi. Kaɗawa shida na farko dole su tsaya daf da sifiri. In sun haura shida, akwai ɓangaren da bai manne ba.

Wajen raga, wato tsarin gutsattsarin nan, guji TET4, gutsure mai siffar dala da ɗigon lissafi huɗu: yana ƙara wa ƙarfe taurin da ba shi da shi, amsa ta haura. Yi amfani da TET10, mai ɗigo goma. Rage girman gutsattsarin da rabi, ka maimaita har bambancin ya gaza kashi 1 cikin 100.

Babban kuskure yana wajen ɗauri. Mutane kan kafe ƙafafun teburi gaba ɗaya, alhali noti a kan kankare yana ɗan bayarwa, robar da ke ƙarƙashi kuwa ta fi. Kafewar nan tana ɗaga amsa, kuma ƙanƙanta raga ba ta gyara ta. Sa sifirin (spring) a wurin da taurinsa na gaskiya. Haka nauyi: man tanki da batir duk a sa su, domin mantuwar kashi 10 na nauyi tana karkatar da amsa da kusan kashi 5.

In an ƙera teburin, manna masa na'urar auna jijjiga, ka buga da gudumar gwaji. Kwatanta adadin Hz da siffar lanƙwasa; MAC, ma'aunin kamannin siffar da aka lissafa da wadda aka auna, ya kamata ya kai 0.9. Saurin mutuwar jijjiga ma a nan ake auna shi, raga ba ta lissafa shi.