Yadda ake ƙiyasta nisan galaksi daga saurin ja da bayanta

Tambayar nan ta sha zuwa, to ga matakan:

1. Samo bakan hasken galaksin (galaksi babban tarin taurari ne), wato haskenta da na'ura ta rarrabe launi-launi.

2. Nemo jan layin haidurojin. A ɗakin gwaji tsawon zangonsa, wato ma'aunin da ke nuna wurinsa a cikin bakan, nanomita 656.3 ne (nanomita ɗaya bisa biliyan na mita ce).

3. Karanta inda layin ya faɗa a bakan galaksin, domin ja da bayanta na ƙara tsawon zangon. A ce 669.4.

Hattara: akwai layukan naitirojin biyu dab da shi, ɗaya a kowane gefe. Wanda ya ɗauki ɗayansu ya ɓata lissafin tun daga tushe.

4. Debe 656.3 daga 669.4, saura 13.1.

5. Raba 13.1 da 656.3. Za ka samu kusan 0.02.

6. Ninka da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Galaksin tana ja da baya da kilomita 6,000 a daƙiƙa ke nan.

7. Raba 6,000 da lambar Hubble, mai nuna saurin faɗaɗar sararin samaniya, wato 70. Amsa: megafasek 86 (megafasek ma'aunin nisa ne a sararin samaniya). Masana na samun lambar Hubble tsakanin 67 da 73, don haka ƙiyasi ne kawai.

8. Ninka da miliyan 3.26, adadin shekarun haske a megafasek ɗaya. Nisan ya kai shekarun haske miliyan 280.

Idan amsar mataki na 5 ta wuce 0.1, wannan sauƙaƙƙen lissafi ya fara kaucewa.

Kada kuma a gwada shi kan galaksin da ke maƙwabtaka da mu. Galaksin Andromeda ma matsowa take yi, domin a kusa ƙarfin janyowar juna ya rinjayi faɗaɗar sararin samaniya.