Kurakuran da ake yi wajen gyaran kayan wasan kyanwa

Ni tela ce a unguwar Nima a birnin Accra, ina da mage biyu, shi ya sa duk wanda ɓeran wasan kyanwarsa ya farke daga nan har Mamobi sai ya kawo min in duba ɗinkin da ya yi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago, gara in rubuta.

Babban kuskure shi ne zare, kuma ni ma na yi shi. Muzuruna Ɗan Baƙi yana da wani ɓera da na ɗinka masa da ƙyallen atamfa. Da cikinsa ya ɓarke, ina sauri ranar Laraba ce ta kasuwa, sai na ɗauki baƙin zaren kitso na yi masa ɗinki sama-sama, na bar wajen kamu ɗaya yana reto wai ya zama wutsiya. Kwana biyu bayan haka ya ƙi cin kifi, yana ta amai, ya shige ƙarƙashin gado. Da na buɗe bakinsa na ga zaren ya naɗe a gindin harshe, sauran ya tafi ciki.

Harshen kyanwa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, don haka in zare ya kama, tofarwa tana mata wuya, haɗiya kawai take yi. In bakin zaren ɗaya ya maƙale a harshe ko a mafitar tumbi, hanji zai ci gaba da ƙoƙarin tura sauran, sai ya tattare a jikin zaren kamar wandon da aka ja mazaginsa. Daga nan zaren ya fara yanka hanjin, ƙazanta ta zuba cikin ciki.

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Haba Yaya, ki ja shi mana ya fito." Allah Ya taimake ni hannuna yana rawa ban ja ba. Likitan dabbobi ya ce da na ja, da ni da kaina zan tsaga masa hanji. Sai da aka yi masa tiyata, kuɗin kuwa ya cinye ɗinkin Sallar da na tara gaba ɗaya. Saboda haka, ko a baki kuka ga zare ko a dubura, kada ku ja, ku ɗauki dabbar ku nemi likita a ranar. Zaren kitso, zaren kamun kifi, ulu, robar ɗaure kuɗi, duk hukuncinsu ɗaya. Allura mai zare kuma kada a ajiye ta a kan tabarma ko na minti ɗaya, don kyanwa tana bin zaren har ta haɗiye allurar.

Na biyu, wanki. Mu mutanen Zango in ba mu ji ƙanshin Dettol ba gani muke abu bai wanku ba. To wannan abin da za ki tsoma a ciki, bakinta za ta saka shi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin sinadarin da ke cikin Dettol kamar yadda tamu take yi. Kafur ɗin da ake sa wa kaya a akwati shi ma guba ne gare ta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda zai ga ta yi laushi ya ɓare mata farasitamol wai tausayi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta! Ni ruwan zafi nake amfani da shi da sabulu marar turare, in ɗauraye sau uku, in shanya a rana har cikin ya bushe ƙarau, musamman da damina, don ƙyalle mai laima funfuna yake yi.

Maɓalli da duwatsun ado a matsayin ido: cire su, kyanwa ba ta damu ɓeranta ya gani ba. Gam mai kama nan take yana bushewa ya yi kaifi, kuma ɓarewa yake yi a haƙori. Fil da ƙusar matse takarda ba ma sai na yi magana ba. Soson katifa da leda ba abin cusawa ba ne, gutsure su take yi. Ƙaramar ƙararrawa in ta lotse ko ta fara buɗe baki, shara.

Yadda nake yi yanzu: ina sayen tsohon wandon jins a kasuwar gwanjo ta Kantamanto, in yanka, in juya bai, in bi da keke layi biyu da ƙanana-ƙananan ɗinki, in cusa manyan ƙyallaye waɗanda ba za su haɗiyu ba. Ƙullin ƙarshe a ciki nake ɓoye shi, in datse zaren daf. Wutsiya kuwa ƙyalle ce mai faɗin yatsa biyu, gajeriya, an kalmashe bakinta. Kafin in miƙa, sai na ja shi da hannu biyu da iya ƙarfina. In ya yi ƙara, bai gyaru ba.

Wasu suna cewa a yi ta gyara har abada. Ni sau biyu nake gyara abu ɗaya, na uku in yar, domin yadin da yawu ya ci ba ya riƙe ɗinki. Sandar nan mai igiya da gashin tsuntsu kuma, da mun gama wasa sai cikin durowar keke, in rufe, don Ɗan Baƙi har yau in ya ga igiya mantawa yake yi da tabon da ke cikinsa.