Yadda Za Ka Kwantar da Jikinka Kafin Ka Mayar da Magana

Idan rai ya ɓaci, jiki ne ke fara nunawa. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, kafaɗu su ɗaure. A wannan hali, ko magana mai daɗi aka faɗa maka, sai ka ji ta kamar zagi. Ga abin yi.

Da farko, kama bakinka. Kada ka ce uffan tukuna.

Na biyu, in kana tsaye, zauna. Sauke kafaɗu, saki muƙamuƙi, ware hannu in ka dunƙule shi.

Na uku, numfashi, kuma nan ne aikin yake. Ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga 6. Fitarwar ta fi muhimmanci, domin duk lokacin da kake fitar da iska bugun zuciya yakan ɗan lafa. Ɗora hannu a cikinka, ka tabbata shi ke tashi, ba ƙirji ba. Maimaita sau 10.

Na huɗu, in ranka bai sauka ba, ce: "Ina son mu yi maganar nan, amma ba ni minti 20." Fita ka ɗan taka. Kada ka tsaya shirya martani a zuci, ƙara wa wuta itace ne.

Sannan ka dawo a lokacin da ka faɗa. A nan da yawa ke kuskure, har ɗayan ya ɗauka an yi watsi da shi. Sassauta murya, faɗi abin da ya sosa maka rai, ka bar shi ya gama tasa.